Taron Dangi a Kan Kunnen Ma'aikaci: Aikin Thais Morata Tsakanin Ƙarar Inji da Tururin Sinadari

A maɗaba'ar da ake buga mujallu masu launi da ledojin kayan masarufi, abu biyu ne ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa: rugugin inji da warin tawada. Gangar ƙarfe da aka sassaƙa wa hoto tana juyawa cikin kwamin tawada, wata siririyar wuƙa tana kankare rarar, takarda tana wucewa a guje. Don tawadar ta bushe kafin takarda ta isa ganga ta gaba, sai a tsinka ta da tolwin, sinadarin da ke tashi nan da nan ya gauraye ɗaki. In masu duba lafiyar wurin aiki suka zo, wannan ya ɗaga na'urar awon ƙara ya rubuta lambarsa, wancan ya ɗebi iska ya kai ɗakin gwaji ya rubuta tasa. Kowa ya duba jadawalinsa, ya sa hannu, ya kama gabansa. An daɗe a kan cewa ƙara ta kunne ce, sinadari kuwa na huhu ne da hanta da ƙwaƙwalwa.

Wannan rabon gadon ne Thais Morata ta shafe fiye da shekara 30 tana warwarewa. 'Yar Barazil ce, masaniyar awon ji, ta yi karatu a jami'ar Katolika ta Sao Paulo, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Sinsinati da ke jihar Ohayo, daga baya ta zauna a NIOSH, cibiyar gwamnatin Amurka mai binciken lafiya da tsaron ma'aikata. Binciken da ta fara fitarwa a 1989 a kan masu aiki ne a wata masana'antar zaren rayon a Barazil, inda ake narka ɓargon itace da sinadarin kabon disalfaid. Yawan masu raunin ji a wurin ya zarce abin da ƙarar injinan kaɗai za ta iya jawowa, kuma yana ƙaruwa da yawan shekarun aiki.

Ba ita ta fara shinshino maganar ba. A 1983 Gordon Pryor da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa ɓerayen da suka shaƙi tolwin sun kurumce. A 1986 wasu masu bincike biyu a Suwidin, Bergström da Nyström, sun lura cewa ma'aikatan sashen sinadarai a wata masana'antar takarda sun fi takwarorinsu raunin ji, alhali sashensu bai kai sauran hayaniya ba. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma lura ba hujja ba ce. Abin da ya rage shi ne a je cikin masana'anta a raba mutane kashi-kashi yadda za a iya cewa ga laifin wannan, ga na wancan.

Shi ne abin da ta yi a binciken da ya fito a 1993, wanda har yau shi ake fara ambatawa. Ma'aikata 190 ne daga maɗaba'a da masana'antar fenti a Barazil, an kasa su huɗu: mutum 50 ba ƙara ba sinadari, 50 masu aiki cikin ƙara zalla, 51 masu haɗa ƙara da tolwin, sai 39 masu shaƙar gaurayen sinadaran fenti a inda ƙara ba ta kai ta cutarwa ba. Ƙarar da rukuni na biyu da na uku ke sha kusan ɗaya ce, daga desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 88 zuwa 97 ko 98. Da aka gwama da rukunin farko, haɗarin raunin ji ya ninka sau 4 ga masu ƙara zalla, sau 5 ga masu sinadari zalla, sau 11 ga waɗanda abu biyun suka yi wa taron dangi.

Lambar 11 ta yi suna, amma a riƙe ta da hankali. Mutum 51 ba su da yawa, shi ya sa lissafin kansa ya nuna cewa ainihin ninkin zai iya faɗawa ko'ina tsakanin 4 da kusan 29. Lambar da ta fi tayar da hankali ita ce 5, domin waɗancan mutum 39 ba wanda zai taɓa tura su awon kunne bisa dokar lokacin. Ba su cikin hayaniya, saboda haka a takarda kunnuwansu lafiya lau.

Kafin a gane yadda abin da ya shiga ta hanci ke kashe ji, sai an leƙa cikin kunnen. Sauti yana kaɗa dodon kunne, wasu 'yan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa wani bututu mai naɗi kamar dodon koɗi, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi a ka: na ciki kimanin 3,500 a layi ɗaya, su ke aika saƙo ga jijiya, na waje kimanin 12,000 a layi uku, su ke ƙara wa ƙaramin sauti ƙarfi su kuma tace shi. Wanda ya mutu a cikinsu ya tafi ke nan, ba ya tofowa. Ƙara tana yi musu ɓarna ta hanyar duka da gajiyarwa: gashin ya karye ko ya kwanta, ƙwayar ta yi aiki fiye da kima har dattin da take fitarwa ya kashe ta. Tolwin da sitairin, wani sinadarin da ake haɗa roba da shi, kuwa ta jini suke zuwa. Suna narkewa cikin kitse, fatar ƙwayoyin kuma kitse ce. Pierre Campo da abokansa a cibiyar INRS ta Faransa sun nuna a jikin ɓeraye cewa ɓarnar sinadarin tana da sawunta daban: tana farawa daga layi na uku na ƙwayoyin waje, ta gangaro na biyu, sannan na farko.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ta fi wayo. A kunnen tsakiya akwai wata 'yar tsoka, mafi ƙanƙanta a cikin tsokokin da ke manne da ƙashi a jikin mutum, wadda ke ɗaurewa idan sauti mai ƙarfi ya shigo, ta rage abin da ke isa ciki. Ƙwaƙwalwa ce ke ba ta umarni. Ana gwada ta da sauƙi: a saka wa mutum sauti mai ƙarfi na daƙiƙa 10, a ga ko tsokar za ta riƙe. In ta saki rabin ƙarfinta kafin lokacin ya cika, matsalar ta wuce kunne, ta taɓa jijiya. A binciken 1993 an fi samun wannan sakin a rukunin masu ƙara da tolwin. Wato sinadarin yana iya rikita mai gadin ƙofa a daidai lokacin da ɓarawo ke shigowa. Taɓa jijiya irin wannan na iya sa wasu ma'aikatan su ci jarrabawar awon ji ta yau da kullum, amma a taron biki ko kasuwa su ce suna jin magana ba sa fahimta.

Wani abin da ke hana a yi wa sinadarai kuɗin goro: zailin, wani ɗan uwan tolwin, iri uku ne, ƙirarsu kusan ɗaya, amma ɗaya ne tak, wanda ake kira fara-zailin, ya kurumtar da ɓeraye. Haka kuma tolwin da ke lalata kunnen ɓera bai yi wa wasu dabbobin gwaji irin wannan lahani ba, saboda hantarsu ta fi saurin sarrafa shi. Iskar kabon monoksaid ita ma nata salon daban. Laurence Fechter ya nuna cewa a ma'aunin da ita kaɗai ba ta kashe ji, in ta haɗu da ƙara sai ɓarnar ƙarar ta ƙaru, don ta rage wa ƙwayoyin iskar da suke numfashi da ita a lokacin da suka fi bukata.

Me ya sa aka ɗauki shekaru kafin hukumomi su yarda? Saboda takardar awon ji ba ta faɗin sunan mai laifi. Ana saka mutum a ɗaki marar motsi, a sa masa abin ji a kunne, a gwada mafi ƙanƙantar sautin da yake ji a matakan 500, 1000, 2000, 3000, 4000, 6000 da 8000 Hz, wato ma'aunin kauri ko sirantar sauti. Raunin da ƙara ke jawowa yana fitowa kamar rami a wajen 4000, a kunnuwa biyu. Na sinadari a jikin mutum ma a kunnuwa biyu yake fitowa, a manyan matakan nan dai. Likitan kamfani yana ganin ramin sai ya rubuta ƙara, a rufe fayil. Ƙari a kan haka, tsufa yana cin waɗannan matakan, taba sigari da ciwon suga da hawan jini suna sa hannu, magunguna irin su jentamaisin da sitireftomaisin da kwinin da sisfilatin suna da nasu kason. Mai bincike dole ya tambayi kowane ma'aikaci tarihin aikinsa, da na ciwon kunnensa, da ko yana harbi da bindiga, ya cire duk wannan a lissafi kafin ya ga abin da ya saura. Sannan ga wata matsalar da ba ta fitowa a lissafi: wanda abin ya fi yi wa illa sau da yawa ya riga ya bar aikin, masu ƙarfin jiki ne suka rage ana aunawa.

Dabarar da Morata ta koma a kai ita ce daina dogara ga iskar ɗaki kaɗai, a tambayi jikin da kansa. A 1997 ta fitar da bincike a kan ma'aikatan maɗaba'a 124 a Sao Paulo. Kusan rabinsu suna da raunin ji a manyan matakai, kuma da aka tace dalilai, biyu ne suka tsaya: shekarun haihuwa, da yawan asid hifurik a fitsari, wato abin da hanta ke mayar da tolwin. A 2002, tare da Ann-Christin Johnson da wasu, ta auna mutum 313 a Suwidin, ciki har da masu ƙera kaya da zaren gilashi da ake jiƙawa da roba mai sitairin. Sitairin ɗin da ke iskar bai kai iyakar da dokar Suwidin ta gindaya ba, duk da haka jinsu ya fi na sauran rauni a 2000 zuwa 6000 Hz, raunin kuma ya bi sawun asid mandelik, abin da jiki ke mayar da sitairin, da ke fitsarinsu.

Dalilin da fitsari ya fi iska faɗin gaskiya a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan wuri. Awon iska ana yinsa ne da ɗan bututun gilashi mai gawayi a ciki, a maƙala shi a wuyan riga kusa da hanci, ɗan famfo a ƙugu yana jan iska a hankali, bai wuce mililita 200 a minti ba. A ɗakin gwaji a wanke gawayin da kabon disalfaid a auna abin da ya kama. Amma bututun bai san cewa mutumin ya tsoma hannu cikin tina ya wanke fenti ba, bai san yana ɗaukar kaya masu nauyi yana haki har numfashinsa ya ninka ba. In famfon ya yi sauri ko zafi da laima sun yi yawa, gawayin ya cika ya zubar, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Shi ya sa bututun ke da sashe na biyu a baya, in aka ga sinadari da yawa a can an san awon ya lalace. Fitsarin ma yana da tarkonsa. A ƙarshen aiki ake karɓarsa, ba da safe ba. Wanda ya tsinke da yawa ko ya yi kauri da yawa, wato kiriyatinin ɗinsa bai kai giram 0.3 a lita ba ko ya haura 3, ana watsar da shi. Asid hifurik kuma yana hauhawa idan mutum ya sha lemon kwalba mai sinadarin hana lalacewa na benzowet, don haka a yanzu da ake neman gano ƙananan ma'aunai an fi auna tolwin ɗin kansa a jini ko fitsari, ko wani ɗiyansa da ake kira orto-kiresol.

Ɓangaren ƙara ya fi sauƙin aunawa, amma nan ma ana tafka kuskure. Na'urar da ake maƙalawa a kafaɗa sai an daidaita ta kafin aiki da bayansa da sautin 1000 Hz mai desibel 94 ko 114, kuma ta kwana a jikin mutum tsawon aikinsa, ba a ɗaga ta minti biyar a tsakiyar ɗaki ba. Desibel ba ya tafiya kamar mudu: ƙarin 3 ninki biyu ne na ƙarfin sauti. Inji biyu masu 85 kowanne in suka tashi tare 88 suke bayarwa. A shawarar NIOSH ta 1998, desibel 85 awa 8 ne, 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15. Dokar hukumar OSHA, wadda ita ce mai hukunci a Amurka, ta tsaya a 90 na awa 8, tana kuma rage lokaci rabi ne bayan ƙarin 5, saboda haka ta halatta awa 2 a desibel 100. Minti 15 a wajen masu bincike, awa 2 a wajen masu doka, a ƙasa ɗaya. Irin wannan giɓin yana nan a tolwin: OSHA 200 cikin miliyan, NIOSH 100, ƙungiyar masana tsaftar masana'antu ta ACGIH 20.

Duk waɗannan lambobi an yanka su ne a kan zaton cewa haɗari ɗaya ne a ɗakin. A nan ne aikin Morata ya fara taɓa takardun hukuma, sannu a hankali. Dokar ƙara ta Tarayyar Turai ta 2003 ta wajabta wa mai masana'anta ya duba haɗuwar ƙara da sinadarai masu cutar da kunne idan yana tantance haɗari, amma ba ta ba shi lamba ba. A 2010 Johnson da Morata suka rubuta wa kwamitin masana na ƙasashen arewacin Turai cikakken rahoto da ya jera sinadaran da hujjarsu ta yi ƙarfi: sitairin, tolwin, kabon disalfaid, dalma, zaiba, kabon monoksaid. A 2018 OSHA da NIOSH suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa a kan batun, shekara 25 bayan binciken 1993, kuma shawara ce, ba doka ba. ACGIH ta fara liƙa wa wasu sinadarai alamar OTO, wato mai cutar da kunne. Ostireliya ce ta fi fito da abin da za a iya aiki da shi: inda ake shaƙar irin waɗannan sinadarai a rage ƙara zuwa desibel 80, a kuma riƙa awon ji ga wanda sinadarin ya kai rabin iyakarsa ko da babu hayaniya. A ganina wannan ƙa'idar ta rabi ta fi duk sauran amfani, domin ita ce ke kamo irin mutum 39 ɗin nan.

Rabin aikinta na baya ya karkata ga tambayar da ta fi ɗaci: cikin abubuwan da ake yi don kare kunne, wanne ne yake aiki? Tana cikin waɗanda suka yi wa Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, bitar binciken duniya a kan haka, kuma sakamakon 2017 ba mai daɗi ba ne ga masu rabon toshen kunne su koma ofis. Hujjar cewa shirye-shiryen kare ji na kamfanoni suna hana kurumta ba ta da ƙarfi. Abin da ya fito fili shi ne, koya wa mutum yadda ake saka toshen yana ƙara kariya da desibel 8 zuwa 9. Toshen soso sai an murza shi ya zama siriri ba lanƙwasa, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunne sama da baya, a tura, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura a ciki. Wanda ake hangowa ya leƙo waje daga gaba, ado ne. Cire shi na 'yan mintoci a cikin hayaniya don a yi magana yana cinye babban kaso na kariyar yinin gaba ɗaya. Ita ce kuma ta jagoranci kafa lambar yabo ta Safe-in-Sound, wadda aka fara bayarwa a 2009 ga wuraren da suka nuna da awo cewa sun yi nasarar kare jin ma'aikatansu.

Toshen kunne dai ba ya tare abin da ke zuwa ta jini. Takunkumin ƙura na takarda ko na asibiti ba ya tare tururin tina ko kaɗan. Sai mai gwangwanin gawayi, baƙar alama a tsarin Amurka, ruwan ƙasa mai harafin A a na Turai. Gawayin yana cika, kuma jira sai an ji wari kafin a canza kuskure ne, don hanci yana sabawa. In an tashi aiki a ɗaure shi cikin leda, in ba haka ba ya kwana yana zuƙar iskar shago. Gemu yana hana takunkumin kama fuska. Safar hannu ta roba irin ta asibiti tolwin yana ratsa ta cikin 'yan mintoci, ta koma tana riƙe shi a kan fata. Tururin ya fi iska nauyi, don haka fankar da aka kafa a sama ba ta kwashe shi; mazuƙi a kusa da bakin aikin yake, a ƙasa ko a gefe, yadda tururin ba zai bi ta gaban fuskar mutum ba. Mafi inganci shi ne canza kayan, fenti ko tawada mai ruwa a maimakon mai tina, amma a karanta takardar bayanin sabon, kada a gudu gara a faɗa gidan zago.

Ba a Kano ko Maraɗi aka yi waɗannan binciken ba, amma haɗin da suke magana a kai yana nan a bakin titi. Mai fentin mota yana fesawa kwamfaresa na ruri a gefensa, mai gyaran jikin mota na dukan ƙarfe a bayansa. Mai haɗa takalma yana shafa gam a ɗan shago, injin gurza na kuka. Sholisho na masu faci yana cikin dangin nan na gam mai tashi. Janareta a ƙofar shago kuwa shi kaɗai yana ba da ƙara da kabon monoksaid a lokaci guda. A Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, da injin niƙa ake farfasa duwatsun zinariya, wato mai niƙan yana shan ƙura mai dalma da ƙarar inji tare.

Inda babu na'ura, akwai awon da ba ya bukatar kuɗi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar ta kai wajen 85. Kunnen da ke ƙugi ko ya yi dum bayan an tashi aiki ya riga ya sha fiye da ƙarfinsa a ranar. Wanda zai je awon ji na farko ya huta daga hayaniya aƙalla awa 12 zuwa 14, in ba haka ba gajiyar jiya za ta shiga takarda a matsayin asalin jinsa, duk raunin da ya biyo baya ya ɓuya a ƙarƙashinta. A maimaita kowace shekara, a ajiye takardun. Faɗuwar desibel 15 a mataki ɗaya, wadda ta sake fitowa da aka maimaita gwajin, ita NIOSH ke ɗauka alamar a tashi tsaye. Kuma idan mai awon ya tambayi irin aikin da ake yi, kada amsar ta tsaya a kan inji: a faɗa masa sunan abin da ke cikin gwangwanin, da sau nawa ake wanke hannu da shi a yini.